Yaren kwamfuta na emoji: in fara wa yara da shi?

MalaminTumfure
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Akwai wani yaren rubuta manhaja mai suna Emojicode, wanda wani bawan Allah, Theo Weidmann, ya ƙirƙira. Maimakon kalmomin Turanci da muka saba da su a Python ko Java, shi da emoji ake ba kwamfuta umarni. Ga cikakken shiri nan, aikinsa kawai ya fito da gaisuwa a sikirin:

🏁 🍇
😀 🔤Sannu da zuwa Gombe🔤❗️
🍉

Tutar nan 🏁 ita ce mafarin shiri. Inabi 🍇 ya buɗe, kankana 🍉 ta rufe. Fuskar dariya na nufin a nuna rubutu, 🔤 biyun nan su ke riƙe da rubutun, ❗️ kuma ta ce a zartar.

Dalilin kawo maganar shi ne ina koyar da yara kwamfuta duk hutu, daga 'yan aji biyar na firamare zuwa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Yawancinsu Turancinsu bai nuna ba. Da zarar na rubuta print ko while a allo sai aji ya yi tsit, kowa ya zuba min ido. Amma babu yaron da bai san emoji ba, ko wanda ba shi da waya ya gani a wayar babarsa. A ganina wannan yaren zai cire musu tsoron Turanci, hankalinsu ya koma kan ainihin abin da ake koya. In fara musu da shi, ko akwai abin da ban hango ba?

Ɗan_Kumo
Wa alaikumus salam. Malam, da gaske wannan abin yana aiki a kwamfuta? Inabi da kankana? Allah mai iko.

Injiniya_Bajoga
Yana aiki ƙwarai, ƙanena. Yana da tasa kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da ka rubuta ya koma umarnin da inji ke ganewa. Da C++ aka rubuta ta, kuma tana dogara ne da LLVM, wato kayan gina kwamfaila, wanda shi ne yarukan Swift da Rust ma suke amfani da shi. Sunan fayil ɗinka zai iya ƙarewa da .emojic ko ma .🍇 kai tsaye. Komai nasa a buɗe yake a GitHub, kyauta.

Sai dai Malam, ga inda nake so ka duba. Kamanninsa na wasa ne, amma a tsari ya fi kusa da Java ko Swift a kan Python. Yare ne mai tsauri kan nau'in abin da ka ajiye. Lamba 🔢 ce, rubutu 🔡, lamba mai ɗigo 💯, gaskiya ko ƙarya 👌. In mazubi, wato wurin da shiri ke ajiye abu, na lamba ne ba za ka zuba masa rubutu ba, kwamfaila za ta ƙi. Ko sauya abin da ke cikin mazubi ba ka da iko, sai in tun farko ka sanar da 🖍🆕 cewa mai sauyawa ne. Wannan horo ne mai kyau ga wanda ya yi nisa. Ga yaron da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba kuwa, kayan sun yi masa nauyi.

YarBolari
Malam, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Amma ni ban yarda Turanci ne ke tare musu hanya ba. Duka-duka kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne, kuma mai farawa bai wuce ya yi amfani da goma a cikinsu ba. Yaron da ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai da lambar rigar kowa, kalma goma ba za ta gagare shi ba.

Sannan emojin nan ma haddace su za a yi. A Emojicode zomo 🐇 shi ke buɗe aji, wato samfurin da ake ƙera abubuwa da shi. Kada 🐊 kuma shi ne yarjejeniyar da aji zai cika. Don Allah me ke jikin zomo da zai nuna wa yaro haka? Wanda ya san if aƙalla zai sake haɗuwa da ita a JavaScript da C da PHP, har ma a Excel. Zomon nan ba zai sake ganinsa ko'ina ba.

MalaminTumfure
Adda, na ji. Amma kin ɗauko masu wuyar ne kin bar masu sauƙi. Gaskiya 👍, ƙarya 👎. Maimaitawa 🔁. Lissafi ➕ ➖ ✖️ ➗, daidai yadda suke gani a littafin lissafinsu, ba tauraro a matsayin sau ba. Bayanin da marubuci ya bar wa kansa 💭. In babu komai a mazubi 🤷. Duba wannan:

↪️ maki ▶️ 49 🍇
😀 🔤Ka ci🔤❗️
🍉
🙅 🍇
😀 🔤Sake ƙoƙari🔤❗️
🍉

Na nuna wa ƙanwar matata 'yar shekara 11, na yi mata bayani sau ɗaya, ta karanta min shi da Hausa tiryan-tiryan: in maki ya fi 49 a ce ka ci, in ba haka ba a ce sake ƙoƙari. Zomo da kada ai ba a makon farko za mu kai gare su ba.

YarBolari
Ka yi mata bayani dai. Yi mata irin wannan bayanin da if da else ka gani ko ba za ta karanta ba.

Kashere_300L
Ni na taɓa ɗora shi, bari in faɗi abin da na gani da idona. Na farko, kwamfailar ta Linux da Mac ce. Mai Windows sai ya fara kunna WSL, tsarin da ke sa Linux aiki a cikin Windows, ya sauke Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma kowa ya san abin da wannan ke yi wa data. Na biyu shi ne bugawa. Karanta shirin Malam akwai daɗi, rubuta shi ne aiki. A Windows za ka danna maɓallin Windows tare da ɗigo, akwatin emoji ya buɗe, sai ka nemo wanda kake so. Da wane suna za ka nemo inabi? Sai ka rubuta grapes. Kankana sai ka rubuta watermelon. Turancin da Malam ke so ya raba yara da shi yana nan yana jiransu a wannan akwatin, kuma kalmomin sun fi if tsawo.

Daga baya tara emojin da nake buƙata na yi a fayil ɗaya, ina kwafowa ina liƙawa. Shirin da zan gama da Python kafin shayi ya huce, sai da ya cinye min yamma guda. Kuma in kuskure ya fito, saƙon da kwamfaila za ta ba ka da Turanci ne, haka littafin bayaninsa.

Ɗan_Kumo
A waya fa? Ai emoji a waya ya fi sauƙin bugawa.

Kashere_300L
Bugawa kam ya fi sauƙi. Gudanar da shi ne matsalar. Python kuwa kana sauke Pydroid a Android ka fara aiki, ko babu data.

Baffa_Jekadafari
Yarana, ina bin maganarku da sha'awa. Mu da muka koyi FORTRAN da BASIC a shekarun 1980, a takarda muke rubuta shiri, a kai ɗakin kwamfuta, a jira sakamako. Waƙafi ɗaya ya ɓace maka, ka sake bin layi.

Wannan tunani na rubuta shiri da alamomi maimakon kalmomi tsoho ne. A shekarun 1960 Kenneth Iverson ya fito da APL a kamfanin IBM, cike da alamomi irin ⍴ da ⍳ waɗanda ba su a kan kibod na yau da kullum, har sai da aka yi masa nasa na musamman. Kuma shi ba da wasa ya yi ba, ya samu lambar yabo ta Turing a 1979. Matsalar da ɗana na Kashere ya faɗa, ta bugawa, su ma sun sha fama da ita.

Yarukan nishaɗi ma sun daɗe. A 1972 ɗalibai biyu a jami'ar Princeton ta Amurka, Don Woods da James Lyon, suka yi INTERCAL. A cikinsa akwai kalmar PLEASE, wato don Allah. In ba ka sa ta da yawa a shirinka ba, kwamfaila ta ƙi karɓa ta ce ba ka da ladabi. In ka cika sa ta kuma, ta ƙi karɓa ta ce ladabin ya yi yawa. Sama da shekara hamsin ke nan ana ba da labarinsa.

UwarGida_Pantami
Baffa, wannan kam ya burge ni 😂 Kwamfutar da sai an roƙe ta. Da yaran yanzu za su fara da shi da sun koyi gaisuwa.

Injiniya_Bajoga
Allah ya ƙara girma, Baffa. Bari in ɗora a kai. A 1993 Urban Müller ya yi wani mai alamomi takwas kacal: > < + - . , [ ] Sunansa ba ya faɗuwa a zaure mai dattawa, mai so ya nema. Abin mamakin shi ne duk lissafin da Python zai iya, a ƙa'ida shi ma zai iya, sai dai marubucin ya galabaita. A 2003 aka yi Whitespace, wanda ba ya karanta komai sai gurbin da ke tsakanin kalmomi da tab da sabon layi. Ka buɗe fayil ka ga fari fat, alhali shiri ne cikakke. Akwai Piet na David Morgan-Mar, shi kuma shirin hoto ne mai launuka. Emojicode ɗan wannan dangi ne, sai dai ya fi yawancinsu kama da yaren da za a iya aiki da shi.

HammaSola
Ku yi haƙuri in faɗi tawa, ko ba za ta yi daɗi ba. Waɗanda suka yi waɗannan abubuwa suna da wuta dare da rana, suna da aikin yi, nishaɗi ne ya rage musu. Mu nan yaro zai samu kwamfuta na awa ɗaya a mako, shi ma in an kawo wuta ko an samu kuɗin mai. Ubansa ya biya kuɗin darasi ne da fatan wata rana ɗan zai ci abinci da abin. Wane kamfani ne ke neman mai Emojicode? A shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 abubuwan da ake nema a kasuwa ake koyarwa. Malam, awar nan guda amana ce a hannunka. Ka ba su HTML ko Python.

MalaminTumfure
Hamma, yaran da nake magana shekarunsu 10 zuwa 13 ne. Ba aiki za su nema bana ba. Abin da ke damuna shi ne da yawa ba sa dawowa bayan makon farko. Wanda ya gudu tun yana ɗan 11 da tunanin cewa kwamfuta ta 'ya'yan masu Turanci ce, ko 3MTT ba za ta gan shi ba in ya girma.

Baffa_Jekadafari
@HammaSola ɗana, damuwarka gaskiya ce, amma kada ka raina wasa. Wanda ya iya yare ɗaya tak yakan ɗauka kalmomin su ne ilimin. Ranar da ya ga an rubuta sharaɗi da if a nan, da ↪️ a can, kuma aikin bai canza ba, ranar zai gane mene ne sharaɗi. Kamar tela ne, in ya iya yanka da haɗi, shadda ko atamfa duk ɗaya ne a wurinsa. Ni dai da za a bi tawa, yaro ya fara da yare na gaske, bayan wata biyu a kawo masa wannan a ce ya gano me kowace alama take yi. Darasin ranar zai zauna masa.

HammaSola
In bayan wata biyu ne, na rana ɗaya, ba ni da ja, Baffa. Farawa da shi ne ban yarda ba.

Malama_Billiri
Ina so in goyi bayan Malam ta wani ɓangare da ba a taɓo ba. Kuna ta maganar Turanci da Hausa kamar su kaɗai ne a jihar nan. A ajina akwai mai Tangale a gida, akwai Tula, akwai Waja, akwai mai Fulatanci. Ku je Yamaltu Deba ku ji Tera. Wasu yaran Hausar ma a makaranta da kasuwa suka tsince ta. Abin da ya ja hankalina a shirin da Malam ya kawo shi ne 👍 ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. Babu yaron da zai ji an fifita yaren wani a kan nasa.

YarBolari
Malama, wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa a kan 👍 da ➕. Amma emoji ma suna da gidansu. Daga Japan suka fito. A 1999 Shigetaka Kurita ya zana guda 176 don wayoyin kamfanin NTT DoCoMo, sai a 2010 aka shigar da emoji cikin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, kowa ya samu. Shi ya sa za ki ga 🍙 da 🍡 da 🍣, abincin Japan iri-iri, amma ba tuwo, ba ƙosai, ba fura. Ko 🙅 ɗin da ke shirin Malam, gicciya hannuwa a gaban ƙirji alamar a'a ce a can. Mu nan kafaɗa yaro ke maƙewa, ko a kaɗa yatsa.

UwarGida_Pantami
Tunda an zo nan, ni a matsayina na uwa ina da tambaya. Duk emojin da ke cikin yaren nan masu kyau ne? Don akwai waɗanda ba na so in gani a littafin ɗana.

Kashere_300L
Goggo, gara da kika tambaya. Akwai 🍺, kofin giya. Da shi ake buɗe mazubin da ba a tabbatar ko akwai abu a ciki ba, kuma ana yawan amfani da shi. In za ka ɗauko abu daga jeri, 🐽 ne, hancin alade. Jerin kansa da 🍿 yake buɗewa ya rufe da 🍆, wanda manya sun san abin da ake nufi da shi a hirar waya. Ba zaɓi ba ne, ƙa'idar yaren ce, ba yadda za ka kauce musu in ka yi nisa.

UwarGida_Pantami
To Malam, ka ji. Wallahi in ɗana ya dawo gida da kofin giya da hancin alade a littafi, babansa ba zai tsaya jin bayanin mazubi ba, washegari zai cire shi. Kuma ba mu kaɗai ba ne.

Malama_Billiri
Iyayen wajenmu ma ba za su so kofin giya a littafin yaro ba. Wannan kam sai an duba.

MalaminTumfure
Wannan magana ce babba. Na gode @Kashere_300L. A abin da na shirya na makonnin farko babu jeri, amma dole wata rana a kai can.

MaiManhajarShago
Ku ba ni dama in ɗan karkata, don maganar Unicode da Adda ta yi ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni amfanin da na gani a wasa da emoji shi ne yana tilasta wa mai koyo ya fahimci yadda kwamfuta ke ajiye haruffa, kuma mu masu ƙ da ɗ da ɓ mun fi kowa buƙatar wannan.

An taɓa kira na in gyara manhajar wani shagon hatsi a nan cikin gari. Wanda ya fara yin ta ya bar rumbun bayanan a tsohon tsarin haruffan Turai. Duk sunan da ke da ɗ ko ƙ sai ya fito da alamar tambaya a rasit. Ka ga an rubuta ?anjuma, buhu goma. Mai shagon har ya haƙura ya koma rubuta d da k. Na mayar da shi utf8, sunaye suka daidaita. Sai kuma saƙon abokan ciniki mai emoji ya ƙi shiga. Dalili shi ne a tsarin UTF-8 harafin a bait 1 yake ci (bait ma'aunin wurin ajiya ne a kwamfuta), ƙ bait 2, 😀 kuma bait 4, alhali abin da MySQL, manhajar rumbun bayanan, ya daɗe yana kira utf8 bai wuce bait 3 ba. Sai da na koma utf8mb4 komai ya zauna.

Ku gwada wannan ku gani: tsawon "😀" a Python 1 ne, a JavaScript 2. Tutar Najeriya 🇳🇬 kuma ba alama ɗaya ba ce, biyu ne aka haɗa, ta N da ta G, shi ya sa a Windows za ka ga NG kawai maimakon tuta. Wanda ya fahimci waɗannan ba zai sake lalata sunan mutum a rasit ba.

Injiniya_Bajoga
Madalla da wannan. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: Python 3 yana karɓar haruffanmu a sunan mazubi. Rubuta ƙidaya = 5 ko kuɗi = 200, zai yi aiki lafiya lau. Emoji ne ba ya karɓa a suna. Swift kuma, da Apple ya fitar a 2014, yana karɓar emoji a suna. Shi Emojicode a juye yake: sunan aji da na aiki dole emoji, sunan mazubi kuma da haruffa, shi ya sa Malam ya iya rubuta maki a misalinsa.

Saboda haka Malam, ko a Python ɗin kana iya mayar da kusan komai Hausa. Sunaye Hausa, saƙonni Hausa, bayani Hausa. 'Yan kalmomi ƙalilan ne za su rage.

DanWunti_Bauchi
Gaisuwa daga Bauchi. To me ya hana mu yi namu gaba ɗaya? Yarbawa suna da Yorlang, mai umarni da Yarbanci. Ramsey Nasser ya yi Qalb a 2012, da Larabci zalla, daga dama zuwa hagu. Mu rubuta idan, in ba haka ba, maimaita, nuna. Ba sai mun gina kwamfaila ba, ɗan ƙaramin shiri ne zai riƙa musanya kalmominmu da na Python kafin a gudanar. Ɗaliban ATBU da na Kashere da na jami'ar jihar Gombe, wannan ai aikin kammala karatu ne a shirye.

Kashere_300L
Musanya kalmomi abu ne mai sauƙi, Yaya. Saƙonnin kuskure su ne aikin. A nan yaro ke maƙalewa, kuma a nan ya fi buƙatar a yi masa magana da yaren da yake ji. In za a yi, daga nan ya kamata a fara. Ina ciki in an tashi.

Malama_Billiri
In an yi da Hausa zan yi amfani da shi, amma maganata ta ɗazu tana nan.

Ɗan_Kumo
Ni tambayata daban ce. Ana iya neman a saka emojin tuwo?

YarBolari
Ana iya. Ƙungiyar Unicode tana karɓar shawara daga kowa, sai dai akwai sharuɗɗa, dole ka kawo hujjar cewa mutane da yawa za su yi amfani da shi, kuma ba a cika amincewa ba.

Admin_Zaure
Jama'a, maganar yaren Hausa da emojin tuwo a buɗe musu nasu zaren. Malam tambaya ya yi kan yaransa, kuma hutu na tafiya.

Malama_Herwagana
To bari in dawo da mu. Malam, abin da kake nema akwai shi, kuma don yara aka yi shi. Scratch, na jami'ar MIT, tun 2007. Ba a buga komai, tubala ake ja da linzami a jona su, kuma tubalin da bai dace da wuri ba ba zai shiga ba, don haka babu kukan waƙafi ya ɓace. Akwai wanda ake saukewa sau ɗaya a yi aiki ba intanet. Ga ƙanana kuma akwai ScratchJr, na 'yan shekara 5 zuwa 7, tubalansa hotuna ne, kibiya da tuta da makamantansu.

Amma abin da ya fi yi min aiki ko kwamfuta ba ya buƙata. Ina yanka kwali in zana ⬆️ ⬇️ ⬅️ ➡️ da 🔁. In zana gidaje a ƙasa da alli, in ajiye kwalin biskit a gida ɗaya. Yaro ɗaya ya zama inji, ba ya motsi sai da umarni. Sauran su jera katuna a kan benci. In suka sa ➡️ sau huɗu inda ake buƙatar uku, injin ya wuce biskit ya je ya tsaya a bango, aji ya kaure da ihu, su ruga su nemo katin da ya jawo. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta fara cewa maimakon kati huɗu iri ɗaya a sa 🔁 da lamba. Ban koya musu ba tukuna a lokacin. Kuma katunan kai ke zaɓa, ba kofin giya, ba hancin alade, ranar da babu wuta ma darasi bai tsaya ba.

UwarGida_Pantami
Wannan kam na yarda da shi. Malama, a ina kike koyarwa? Zan yi miki magana ta gefe.

HammaSola
Katunan ba laifi na mako ɗaya ko biyu. Amma Scratch ma na ga yaran da suka shekara a kai suna ta sa kyanwa rawa, da aka ba su kibod suka kasa. A sa masa iyaka.

Injiniya_Bajoga
Hamma, wannan ya danganta da malami. Na ga wanda ya yi wasan lissafi mai maki da matakai a Scratch, da ya koma Python mako biyu ya kama.

MalaminTumfure
Na gode ƙwarai, kowa da kowa, musamman Baffa da ya ba mu lokacinsa. Ranar Asabar zan gwada katunan Malama, in ga yadda za su karɓa. Amma ban ajiye Emojicode ba. Har yanzu ina ganin ranar da yaro ya jera katuna a benci, sannan na buɗe kwamfuta na nuna masa 🔁 ɗin nan tasa tana aiki a shiri na gaske, wani abu zai faɗa masa da while ba za ta ba shi ba. Zan tsaya kan gaisuwa da sharaɗi da maimaitawa, inda babu alamun da Goggo ta ƙi.

YarBolari
Malam, in ka yi, raba su biyu. Rabi ka nuna musu da emoji, rabi da Python mai sunaye na Hausa kamar yadda Injiniya ya ce. Bayan mako guda ka ba su aiki iri ɗaya a takarda, ka kawo mana abin da ka gani. Ni har yanzu ina kan bakana.

Baffa_Jekadafari
Rukunin da ya ga an ba ɗaya inabi da kankana shi an ba shi Turanci zai yi ƙorafi, 'yata. Sai dai a yi musanya a mako na biyu.

Kashere_300L
Malam, kwamfutar da za ka yi nunin da ita Windows ce? In ita ce, kada ka bari sai ranar. Ina shigowa Gombe ranar Juma'a, zan iya biyowa Tumfure bayan sallah in ɗora maka WSL da kwamfailar. Ka tanadi data, kuma ta kasance da caji. Fayil ɗin emojin da na tara ma zan kawo maka a filash.

MalaminTumfure
Windows ce. Allah ya kai mu, zan turo maka kwatance.